Kwalba Ashirin, Na Ce Huɗu

Kwalba ashirin na jam ɗin goba na shanye cikin wata uku, na ce wa matar da zan aura huɗu na sha. Abin da ya faru ke nan. Masu turo saƙo kuna tambayar me ya sa aka ji ni shiru kwana biyu, ba waya ce ta lalace ba. Ni ne na rasa ta inda zan fara.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Hamisu, ɗan adaidaita, shekarata arba'in da tara. Ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo, ni kaɗai tun da uwar 'ya'yana ta rasu shekara shida da suka wuce. Ina da ciwon suga. Kuma a layinmu an san ni da rashin ɓoye-ɓoye. In birkina ya fara wasa, kafin fasinja ya zauna zan ce masa ya tari wani.

Ummukulsum, matar da zan aura, fasinjata ce tun farko. Kullum bakwai da rabi in ɗauke ta a Tarauni in kai ta asibiti, fararen kaya a ƙarƙashin hijabi, kular abinci a hannu. Aikinta gaya wa marasa lafiya abin da za su ci da abin da za su haƙura da shi. Shekara ɗaya da rabi ina kai ta, ban taɓa wuce "Hajiya, mun iso" ba. Ranar da na yi mata maganar aure a soron gidansu ne bayan la'asar. Na sa shaddata ruwan ƙasa wadda rabona da ita tun bikin ƙaramar 'yata. Ta fito da koriyar atamfa da farin mayafi, ta zauna a kujerar roba, ta saurare ni har na gama. Bai fi minti biyu ba.

Ta ce, "Malam Hamisu, ni ba yarinya ba ce, kai ma ba yaro ba. Ina so. Amma marigayi mijina suga ne ya ci masa ƙafa. Shekara huɗu ina wanke masa miki safe da yamma. In da yadda zan yi, ba zan ƙara ba."

Na ce, "To me zan yi, in canja jini?"

"Akwai gwajin da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance wata uku baya. Ba a yi masa wayo. Ko ka ƙi cin abinci kwana biyu kafin ka je, sai ya tona ka. Naka goma da ɗigo huɗu ne, na gani a katinka. Ka sauko da shi ƙasa da takwas."

"In na sauko?"

"Sai in sauko ni ma."

Yayanta Alhaji Ƙasimu, wanda shi ne waliyyinta, ya sa rana a kan wannan sharaɗin: Juma'ar ƙarshe ta watan Rajab. In takarda ta yi kyau a ɗaura, in ba ta yi ba a jira.

Na kama abin da gaske, kada ku ce ban yi ba. Shayi ba suga, lemon kwalba na daina ko kallonsa, rake da nake tauna a bakin titi na bari. Sati biyu bakina ya mutu. Komai na sa a baki kamar ina tauna kwali. Wata safiya a hanyar asibiti na ce mata, "Hajiya, in haka rayuwar take, gara a yanke ƙafar."

Ba ta yi dariya ba. Na gane na yi ɓaranɓarama.

Bayan kwana uku, tana sauka ta miƙo mini wata kwalba a leda. Abu ja mai ƙyalli, in ka karkata kwalbar sai ya yi rawa amma bai zuba ba. An liƙa farar takarda a jiki, da rubutun hannunta.

"Mene ne wannan?"

"Jam ne na goba, da ɗan zoɓo don launi. Ni nake yi. Ina da tsofaffi masu irin ciwonka gida goma sha ɗaya, su nake yi wa. Kashe injin, ka saurare ni da kyau."

Na kashe.

"Na kanti, babban cokali ɗaya yana ɗauke da suga kamar ƙaramin cokalin shayi uku. Nawa ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Rabi daga gobar yake fitowa, rabi ni na zuba, don in babu ko kaɗan ba ya daɗi kuma ba ya kama jikinsa. Na rage suga, ban cire ba. Ka ji bambancin?"

"Na ji."

"Kuma ruwan gobar kawai nake tacewa. Naman da ɓawon, waɗanda su ne ke rage wa suga gudu a jiki, duk a rariya suke tsayawa. Abin amfanin da ke cikin ɗanyar goba ma wuta ta cinye yawancinsa. Ba mai a ciki, ba abin gina jiki. Ba abinci ba ne, ba magani ba ne. Abin faranta wa harshe ne kawai."

"To."

"Cokali ɗaya a rana, a kan yanka ɗaya na burodi. Kwalbar sati uku za ta yi maka. Ka ajiye a firij, don suga ne ke hana irin wannan lalacewa, nawa kuwa ba shi da yawa. Ya wuce sati uku, ko da saura, ka zubar."

Duk wannan na ji shi da kunnena. Ba zan ce ba a gaya mini ba.

Da na koma gida na buɗe. Ƙamshin goba ya cika ɗakin. Na shafa cokali ɗaya a burodi na ci a tsaye. Jama'a, shekara shida ba wanda ya tsaya a kan wuta ya yi wani abu don ni. Abincina na mai shayi ne da na 'yan bakin tasha, a zuba maka a miƙo ba a kalli fuskarka ba. Yau ga mace ta wanke goba, ta yanka, ta tace, ta tsaya tana juyawa, ta rubuta sunana a jiki. Na ƙara cokali na biyu. A garinmu, can Kibiya, in mace ta yi maka girki ka taɓa kaɗan ka rufe, ka raina ta ne. Haka na tashi na gani. Babanmu har yatsa yake bi da shi a kwano in Innarmu na kallo.

Sai na fara ba kaina dalilai. Na farko, ba ni da firij. Ta ce in kai wa Ashiru mai kemis na kusa da mu ya ajiye mini, amma ina zan ɗauki abin da mace ta yi mini in kai shagon wani, ana buɗewa ana rufewa? Tunda zai lalace, gara ya lalace a cikina. Na biyu, ma'aikaciyar asibiti ce ta yi. Na uku, na sha ji a tasha ana cewa zoɓo da goba suna wanke suga. Na haɗa ukun nan na yanke wa kaina hukunci cewa abin nan kusan magani ne, kawai dai irin taka-tsantsan ɗin 'yan asibiti ne ya sa ta ce cokali ɗaya. Har ƙwayar da nake sha na fara tsallakewa. Ranar da na ci jam da yawa sai in ce yau an sha magani.

Kwana huɗu kwalbar ta yi. Kuma jam ba ya tafiya shi kaɗai. Burodi ƙulli guda da safe, rabi da yamma.

Saura kwana goma sha bakwai kafin a ba ni wata. Na je Unguwa Uku wajen Yaya Asabe, wadda nake bi. Gidanta cike yake da jikoki, ba wanda zai yi mamaki in ta nemi jam.

Na ce, "Yaya, ki kira Ummukulsum ki ce kina so a riƙa yi miki, na yara."

"Kai da za ka aure ta, ba ka da baki?"

"In ni na ce, kyauta za ta ba ni. Ba na son in karya mata sana'a."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Kai dai Hamisu ba ka girma. Kawo lambar."

Ni ne mai kai wa gidaje kwalabensu, don haka na Yaya Asabe bai taɓa ganin Unguwa Uku ba. A ƙarƙashin kujerar direba yake sauka. Wani satin ɗaya, wani satin biyu.

Wata ukun nan, in gaya muku gaskiya, ban taɓa jin daɗin duniya irin su ba. Da rana waya ta yi ƙara, saƙonta ne: "Ka sha magani?" Ni ba na son dogon rubutu a kan titi, sai in danna in ce, "Na sha, ranki ya daɗe." Ta turo: "Cokali nawa yau?" In ce, "Ɗaya tak, kamar yadda likitata ta ce." Ta turo fuskar nan mai murmushi. Na lura ina yawan jin ƙishirwa, ina tsayawa kama ruwa fiye da da. Na ce zafin gari ne.

Saura kwana ashirin da huɗu ɗaurin aure muka je gwaji. Har na karɓo ɗinkina, farar shadda da aikin wuya ruwan zuma. Washegari ita ta karɓo takardar. Ta shigo bayan adaidaita ta zauna ba ta ce mu tafi ba. Na waiwaya. Takardar na kan cinyarta.

"Goma da ɗigo shida."

Na ce, "Injinsu ne."

"Ba injinsu ba ne. Malam Hamisu, kalle ni. Shayi?"

"Ba suga."

"Lemo?"

"Ko sau ɗaya."

"Magani?"

"Kullum."

"Jam fa?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Ba kowa a wurin sai ni da ita da ƙarar motoci. Na ce, "Cokali ɗaya. Kwalba huɗu kika ba ni, huɗu na sha."

Da wani ne ya faɗa mata haka, da ta ce ƙarya yake yi. Amma ni ne. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce a hankali, "Ilimina ya ce cokali ɗaya ba zai yi wannan ba. Amma shi kaɗai ne sabon abin da ya shiga bakinka, kuma kai ba ka ƙarya. Ko sikelina ne ya lalace, ko lissafina ne ba daidai ba, ban sani ba. Ina da tsofaffi goma sha ɗaya suna ci kullum saboda ni na ce su ci." Ta ninke takardar. "Asabar ka zo da wuri. Zan karɓo kayana."

Ranar Asabar ta fito da hijabi ruwan toka har ƙasa, da babbar kula da ƙanƙara a ciki. Muka fara daga Tarauni. Gidajen aure ne, ni ba na shiga. Ina zaune a waje ta shiga, ta yi minti goma, ta fito da kwalba, wata rabi, wata ba a ma buɗe ba. Gidan da soronsa gajere ne ina jiyo muryarta: "Baba, ku yafe mini, ina zargin na yi kuskure a awo. Ku je a duba ku ranar Litinin, zan jira ku a can." Matar da likitoci ke tambaya shawara, tana durƙusawa gida-gida tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba. Ni kuwa ina riƙe da kan adaidaita ina kallon gabana.

A Darmanawa akwai Hajiya Delu, tsohuwa mai kusan tamanin. Ita har soro ta biyo Ummukulsum, tana dogara sanda, kwalbar a rungume a ƙirji.

"Ni ba zan bayar ba. Shekara biyar rabona da zaƙi sai da kika kawo wannan. Da ƙaramin cokali ma nake ɗiba don ya kai ni."

"Inna, ki yi haƙuri. In na gyara zan kawo miki."

"Na je awo watan jiya, aka ce nawa ya yi kyau. Wane ne ya ce yana cutarwa?"

"Wani ne nasa bai sauka ba."

"To wanin nan a bincike shi mana. Ni me na yi?"

Ta leƙo ta gan ni. Ta ce, "Direba, kai ka ba ta baki." Na ce, "Inna, ni tuƙi na sani." Da ƙyar ta saki kwalbar. Da Ummukulsum ta shigo, ta juya fuska gefe ta ɗaga bakin hijabi ta goge ido. Na gani a madubi. Na tayar da inji.

Da muka gama gida na goma sha ɗaya ta ce, "Saura Unguwa Uku."

"Wa ke Unguwa Uku?"

"Yaya Asabe. Ta fi kowa karɓa, kwalba goma sha shida. Su ba su da ciwon, amma gara in ji ko wani ya ga wani abu."

Ba zan yi muku ƙarya in ce imani ne ya kama ni ba. An ƙure ni ne. Yaya Asabe ba ta iya rufi ba, da an tambaye ta za ta ce ko launinsa ba ta sani ba. Na yi tafiya kaɗan, na gangara gefen titi kusa da wani mai faci, na kashe inji.

"Lafiya?"

"Yaya Asabe ba ta taɓa ɗanɗana ba. Ni na shanye."

Ta ɗago ta kalle ni a madubi.

"Goma sha shidan?"

"Da huɗun. Ashirin."

"Da me?"

"Da burodi. Ƙulli ɗaya da rabi a rana." Tunda na fara sai na ƙarasa. "Maganin ma ba kullum ba."

Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi, da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kana zaune a nan ina roƙon Inna Delu."

"Ina zaune."

"Kai ni gida."

A ƙofar gidansu na sauke mata kular. Ta ce in jira a soro. Ta shiga ta fito da faranti da gwangwanin suga da ƙaramin cokali. Ta ajiye a kan benci a gabana, ta fara ɗiba tana zubawa tana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku. Ba ta sauri, ba ta kallona. Ta tsaya a ashirin da biyar. Ya yi tudu a farantin.

"Wannan na kwalba ɗaya ne. Naka ashirin, cokali ɗari biyar ke nan. Kuma ka sani, ba shi ne babban mai laifin ba. Burodin da ya jawo ya ninka shi, ga maganin da ka bari. Jam ɗina daidai yake. Na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba ina zargin kaina." Ta ɗauki farantin. "Me ya sa?"

Na ce, "Ke kika yi. Ban iya rufe abin da kika yi in ajiye ba."

Ta tsaya da farantin a hannu. "Marigayi ma haka yake cewa a kan kunun gyaɗata."

Ta shige.

Kwana huɗu ba ta hau adaidaitata ba. Ina wucewa ta layinsu bakwai da rabi in ga wani ya ɗauke ta. Na tura murya sau uku, alamar ta nuna an saurara, ba amsa. Yaya Asabe ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce na sa ta cikin ƙaryar da ba ta san da ita ba, in kuwa matar nan ta fasa, kada in zo mata da fuskar tausayi. Rana ta biyar saƙo ya shigo: "Ka sha magani?" Na ɗauki hoton ƙwayar a tafin hannuna na tura. Ta rubuto: "Yaya Ƙasimu na nemanka bayan la'asar."

Alhaji Ƙasimu mutum ne mai sanyin magana, yana sayar da kayan gini. Na same shi a soro a kan darduma, ita tana daga ciki kusa da ƙofa.

Ya ce, "Malam Hamisu, na ji abin da ya faru. Ni na ce a bar maganar gaba ɗaya. Ita ta ce a'a."

Na ce, "Na gode."

"Ba ni za ka gode wa ba. Rana dai ta tashi, wannan ka sani. Akwai kuma wani abu, ita za ta faɗa."

Daga bayan ƙofa ta ce, "Na shiga gida goma sha ɗaya na ce kayana ba su da kyau. Gobe zan yi sabo. Shi zai mayar, shi kaɗai. Kowane gida ya gaya musu da bakinsa abin da ya faru. Ba aike, ba waya."

Na ce, "Hajiya, gidajen aure ne. Ba na shiga."

"Na sani. Daga soro za ka faɗa."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na ga kafaɗarsa na motsi.

Washegari na kawo goba daga kasuwa, ta sa ni na zauna a soro na wanke na yanka da hannuna. Nan na ga yawan aikin. Goba kwando guda, in an dafa an tace, ruwan da ke fitowa bai kai yadda kake zato ba. Ta auna suga a sikeli a gabana, ta matsa lemon tsami, ta ce shi ke taimaka masa ya kama jiki. Awa uku tana tsaye a kan wuta. Abin da nake gamawa da shi a kwana huɗu ina sauraren rediyo.

Wanda bai taɓa tsayawa a soron mutane yana ɗaga murya da laifinsa ba, ba zai gane ba. Ka yi sallama, a amsa daga ciki, a ce wane ne. Ka ce Hamisu direban Ummukulsum. A ce me ya faru. Tsohuwa tana can ƙuryar ɗaki, tsakaninku tsakar gida guda, dole ka buɗe murya. Masu wucewa su rage tafiya, mai kanti na gefe ya rage rediyo. Gidajen da tsohon namiji ne da sauƙi, ya fito mu yi magana a hankali. Wani dattijo a Tarauni ya saurare ni ya ce, "Ashirin? Ni da nake sata in ƙara rabin cokali ina istigfari." Amma bakwai daga ciki mata ne.

Hajiya Delu na bari ƙarshe. Na yi sallama.

"Wane ne?"

"Direban nan ne, Inna. Na kawo jam."

"Ƙafata na ciwo yau, ba zan fito ba. An gyara ne?"

"Dama bai lalace ba. Ni ne wanda nasa bai sauka ba. Kwalba ashirin na sha na ce huɗu."

"Me ka ce? Kunnena ba ya ji sosai."

Matar da ranar Asabar ta ji ni sarai ina magana ƙasa-ƙasa. Na ƙara murya na maimaita. Wasu mata biyu da suka fito daga gidan maƙwabta suka tsaya suna gyara mayafi da ba abin da ya same shi.

"Nawa ka ce?"

"Ashirin, Inna."

"Ka ce nawa ka sha?"

"Huɗu."

"Kai ne ka ce mini tuƙi ka sani?"

"Ni ne."

Sai na ji ƙarar sanda. Ta fito sarai, ƙafar lafiya lau. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta duba a haske, ta sa a cikin zani. Ta ce, "Sati guda ka sa na ci burodi gaya. Allah ya shirye ka. Yarinyar nan tana sonka, in ba haka ba da ba ta ɓata lokacinta tana hora ka ba. Jeka."

Yanzu ta dawo adaidaitata. Kwalba kam an hana ni riƙewa. Kullum da safe in ta shigo sai ta miƙo yanka ɗaya na burodi a leda, an shafa cokali ɗaya, in ci tana kallo, in haɗiye ƙwaya tana kallo, sannan mu tafi. Shekarata arba'in da tara ana yi mini haka a bakin titi, kuma ban ji haushi ba. Ƙishirwar ta ragu. Jiya har ta ce shaddar da na ɗinka in ajiye ta da kyau kada asu ya taɓa.

Yau ce Juma'ar ƙarshe ta Rajab. Na yi sallah a masallacin da aka shirya za a ɗaura. Bayan an idar liman ya ɗaura na wasu mutum biyu, na ɗaga hannu na shafa fatiha tare da kowa, aka miƙo dabino na ba na kusa da ni. Namu an kai shi bayan Babbar Sallah, in takarda ta yi kyau. Wata huɗu da rabi. Na fito na nemi takalmina, na ɗauki fasinja biyu zuwa Unguwa Uku, na dawo ɗakin da yau ya kamata a ce akwai mace a ciki na dafa shayina ba suga.